Tafkin Iyon Yayan Matata

Yayan matata ya yi shekaru masu yawa yana tuƙa motar ɗalibai a wata makarantar 'ya'yan manya a Abuja, irin wadda ake ce wa intanashinal. Da idonsa ya fara gajiya da hanya, suka sallame shi cikin mutunci, ya tattaro iyalinsa ya dawo Batsari. Mun zaci gona zai saya, ko ya buɗe shagon hatsi kamar sauran masu dawowa gida. Sai ya tara mu a zaure bayan la'asar ya ce shi makaranta zai buɗe, kuma ba irin wadda muka sani ba.

A lokacin ina malamin gona a Safana, kullum a kan babur nake zuwa in dawo. Ni kaɗai ne ma'aikacin gwamnati a zauren, saboda haka duk abin da ya faɗa sai ya juyo ya dube ni, kamar ni zan sa hannu. Ya ce ya zauna da mutanen nan ya ga sirrinsu da idonsa. Abin da ya raba makarantarsu da firamaren gwamnati bai taka kara ya karya ba: tutocin ƙasashe, motar ɗaukar yara, abincin rana, harshen wata ƙasa, da tafkin iyo. Sannan su iyaye ba a tsayar da su a bakin ƙofa. 'Yan gida ake ɗaukarsu, duk abin da makaranta ta mallaka nasu ne su ma.

"Yaya, to ruwan fa?" na ce mashi. "Garin nan da rani sai mai kura ya ga dama muke wanka."

Ya ce wannan ƙaramin abu ne, za a san yadda za a yi.

Tsohon sito na mahaifinsu da ke gefen gari ya raba zuwa azuzuwa, ya kewaye filin da katanga. Tutocin wani tela ne ya ɗinka daga hotunan waya. Da ƙyalle ya yi saura, telan ya haɗa wata tuta mai kore da ruwan hoda da tauraro a tsakiya, aka rataye ta tare da sauran, kuma har yau ba wanda ya tambayi ta wace ƙasa ce. Motar yara akori-kura ce da aka kafa wa benci da tamfol. Malamin Faransanci kuwa wani mutumin Maraɗi ne mai gyaran waya a bakin kasuwa, mutum mai fara'a, wanda Hausarsa ta fi ta kowa a garin nauyi. Cikin 'yan makonni yara suka iya gaisuwa da Faransanci, suka kuma koma yin Hausa irin ta Maraɗi.

Ba a tambaye ni ko zan sa yarana ba. Matata ce ta auna su aka ɗinka masu yunifom, ɗiyata da ƙanenta, na dawo daga aiki na tarar da su sanye suna jira in yaba. Sauran ɗaliban 'ya'yan 'yan kasuwa ne da mahauta, sai kuma waɗanda suka fi yawa, yaran da iyayensu suka baro Ruma da Runka da Babban Duhu saboda 'yan bindiga, makarantun ƙauyukansu a rufe. Yaya bai mayar da ko ɗaya ba. Su waɗannan iyayen tutoci ba su dame su ba. Katanga suka gani, da ƙofar ƙarfe, da tukunyar shinkafa da wake da ake saukewa da azahar.

Tafkin ne ya rage. Ya samo masu haƙar rijiya daga cikin mutanen Ruma da ke zaune a gari, ya nuna masu hoto a waya, suka ce sun gane. Ya tafi Katsina neman takardun rajista, aka riƙe shi can kwanaki. Da ya dawo ya tarar da rami zagayayye kamar bakin tukunya, mai faɗi, zurfinsa ya shanye dogon mutum ko ya ɗaga hannu, bangonsa a miƙe zir. Ya ce ai a hoton mai kusurwa huɗu ne. Babbansu ya ce sun gani, amma su rami ɗaya kawai suke haƙawa mai kusurwa, kuma ba za su haƙa irinsa a inda yara ke wasa ba. Yaya ya zagaya ramin, ya ce a shafe shi da siminti. Aka yi mashi shuɗin fenti, mai walda ya kafa tsanin ƙarfe a gefe guda, aka kewaye shi da waya.

Wannan duk a tsakiyar rani ne. Ruwa babu, amma darasin iyo yana nan ranar Laraba, kuma Yaya ya ce abin da aka yi wa iyaye alkawari sai an yi shi. Malamin Faransanci aka ɗora wa, domin ya taɓa faɗa a wajen mai shayi cewa yana yaro ya sha ƙetare gulbin Maraɗi. Wata Laraba na taso da wuri na biya in gani. Yara ne kwance rub da ciki a kan benci a ƙarƙashin dalbejiya, suna wutsil-wutsil da ƙafafu suna yagar iska da hannuwa, malam yana bin layi yana ce masu su ɗaga hanci kada su sha ruwa. Waɗanda suka ƙware sai a bar su su sauka ta tsani zuwa cikin busasshen tafkin, su yi ta zagaye suna iyo a tsaye, ƙura tana tashi. Ba mai dariya. Shi kansa Yaya yana tsaye da hannu a baya yana gyaɗa kai.

A gida ɗiyata ta riƙa bita a kan tabarma har ta goge gwiwar hannu. Ƙanenta kuwa ranar Laraba ba ya yarda a yi mashi wanka, wai ya riga ya yi iyo a makaranta. Ƙarshen zango ɗiyata ta zo ta ɗaya a iyo, aka ba ta kyautar sabulu.

Da damina ta faɗi, Yaya ya sa aka jawo indararo daga rufin sito zuwa tafkin. Ruwan sama kaɗan aka yi ya cika maƙil. Ya aiko a kira ni, na je na same shi tsaye a bakinsa yana kallon inuwarsa a ciki, fuskarsa kamar ta wanda aka yi wa haihuwa. Amma da iyaye mata suka zo suka leƙa zurfinsa, sai kowace ta ja ɗanta gefe ta yi mashi kashedi. Shi ma Yaya da ya jefa dutse ya ga bai ji saukarsa ba, sai ya ce ba mai shiga tukuna, a jira ranar bikin buɗewa, a yi abin a gaban manyan baƙi. Darasi ya ci gaba a kan benci, ga ruwa nan a gefe kwaɗi sun cika shi suna kuka har malam sai ya ɗaga murya.

Babban baƙon wani jami'in ilimi ne daga Katsina. Ya sa rana ya ɗaga saboda hanya, ya sake sawa ya sake ɗagawa, har damina ta wuce aka shiga kaka.

A cikin iyayen akwai wani dattijon Bafulatani daga wajen Babban Duhu, wanda kowa ke kira Baffa. An kore mashi garke a dare ɗaya, ya shigo gari da 'yan shanun da suka tsira, ya kafa bukka a bayan katangar makaranta. Jikokinsa biyu suna aji ɗaya da ɗana. Ba ya fashin taron iyaye, yana zama a gaba da sandarsa, kuma ba ya mantuwa. Da kududdufan kusa da gari suka fara ƙafewa, na nesa kuma ba mai iya zuwa, sai ga shi wata hantsi a ƙofar makaranta da shanunsa a baya. Mai gadi ya hana shi, aka kira Yaya.

"Alhaji, ba kai ka ce abin makaranta na iyali ne ba?"

"Na faɗa, Baffa. Amma iyali mutane nake nufi."

"To ai ni ba ni da wasu iyalin da suka wuce yaran nan da waɗannan."

Yaya ya dubi shanun, ya dubi dattijon, ya ce wa mai gadi ya buɗe. Aka ɗage waya ta gefe ɗaya, shanu suka jeru suka sha. Kafin mako ya zagayo matan unguwa sun zo da guga, su ma iyaye ne. Mai buga bulo da ke da ɗa a aji uku ya zo da jarkoki. Wata tsohuwa da ba ta da kowa a makarantar ta ce jikar ƙanwarta za ta shiga baɗi. Ruwa ya riƙa ja baya, har ya zama saniya sai ta durƙusa da ƙafafun gaba ta miƙa wuya kafin ta kai gare shi. Na ce wa Yaya ya kamata ya taka wa abin birki. Ya ce maganar da ya faɗa a gaban mutane ba zai janye ba.

Daga ƙarshe jami'in ya zo. An kafa rumfuna an jera kujeru har bakin tafkin, an yi hayar lasifika, an sa yara sun yi shigar ƙasashe daban-daban. Ɗana shi ne Indiya, da mayafin uwarsa naɗe a kai. Ni aka ba aikin tarbar baƙi. Tsarin shi ne bayan fareti da waƙar Faransanci, malamin iyo zai shiga ruwa ya nuna wa jama'a, daga nan a yanke ƙyalle.

Ana cikin fareti malamin ya yafuto ni da hannu, ya ce in kira mashi Alhaji. Muka zagaya bayan aji mu uku. Yana sanye da gajeren wando da riga mai hannu, gumi yana tsiyaya a wuyansa. Ya ce gaskiya ne ya sha ƙetare gulbin Maraɗi, amma da rani ne, a ƙafa, yana kora jakin babansa a kan rairayi. Bai taɓa cewa da iyo ba ne, kuma ba wanda ya tambaye shi.

Yaya bai yi faɗa ba. Sai ya cire hularsa ya miƙo mani, ya fara ƙoƙarin tuɓe babbar riga. Na tambaye shi ko ya iya. Ya ce ya yi shekaru yana kallo, kuma a ganinsa abin bai wuce ƙarfin hali ba. Na riƙe hannun rigar na ce ina roƙonsa don Allah ya tuna da ƙanwarsa da za ta tambaye ni ina nake sa'ad da abin ya faru. Muna cikin wannan ja-in-ja muka ji ƙarar faɗawar abu mai nauyi a ruwa, lasifika kuma ta yi shiru.

Ashe hantsi ta yi, Baffa ya kawo shanu kamar kullum, mai gadi kuma ba wanda ya gaya mashi yau ta bambanta, ya buɗe. Wata farar saniya ta durƙusa tana sha, sai mai lasifika ya gwada murya daidai kunnenta, ta zabura, ƙafarta ta zame a kan siminti.

Muka rugo muka tarar da jama'a sun kewaye tafkin. Saniyar tana iyo. Hancinta a sama, ƙahonninta suna tsaga ruwa, tana bin bango tana zagayawa cikin natsuwa, kwaɗi suna tsalle suna ba ta hanya. Tunda aka haƙa tafkin nan, in ban da kwaɗi, ba a taɓa ganin mai rai ya yi abin da aka haƙa shi dominsa ba sai ranar. Yara suka fara tafi. Jami'in ya miƙe ya fito da waya yana ɗauka. Yaya, rigarsa a karkace ba hula, ya karɓi abin magana ya ce ɗalibai su lura da kyau, su ga yadda ta ɗaga hanci take aiki da ƙafafu huɗu, abin da malaminsu yake koya masu ke nan. Da gaske yake faɗa, kuma wasu iyayen suka gyaɗa kai.

Baffa ne ya ratso mutane ya tsaya a gabansa. Bai ɗaga murya ba.

"Alhaji, ciki gare ta. Ita kaɗai ta rage mani mai ciki."

Nan tafi ya tsaya. Sai muka lura da abin da ya kamata mu lura da shi tun farko: bango a miƙe yake, saniya ba ta hawa tsani, kuma zagayen nata ya fara raguwa, tana huci.

Aka kawo igiyoyin guga. Mahautan da ke cikin iyaye su suka iya jefa igiya, suka zarga mata a ƙaho, muka kama muka ja don kanta ya tsaya a sama. Ɗaya daga cikinsu ya aika a ɗauko wuƙa, wai ko da za a buƙata kada ta tafi mushe. Baffa ya dube shi sau ɗaya, mahaucin ya kira ɗan aiken ya ce a bari. Mun gwada cicciɓo ta da igiya a ciki, ta fi ƙarfinmu, simintin kuma yana goge mata fata. Dattijon ya ajiye sanda, ya bi tsani ya sauka har ruwa ya kai mashi ƙirji, hannu ɗaya a ƙarfe, ɗaya a wuyanta, yana yi mata magana da Fulatanci a hankali kamar mai rarrashin jariri.

Babban masu haƙar rijiyar yana wurin, shi ma yana da ɗiya a makarantar. Ya zo ya ce wa Yaya hanya ɗaya ce: a fasa bango ta gefen da ƙasa ta yi gangara, a haƙa mata mafita. Kowa ya zuba wa Yaya ido. Ya ce a fasa.

Sun fara daga waje da diga da shebur, suna haƙowa zuwa bango, iyaye maza suna kwashe ƙasa da kwanukan abincin rana. Mu kuma muna riƙe da igiya muna canjin hannu. Jami'in ya naɗe hannun farar shaddarsa ya kama a bayana, yana tambayata ko haka muke yi kullum. Rana ta take, aka kira azahar muna nan. Da suka kai ga siminti suka sa guduma, bango ya tsage, ruwa ya kwararo ya bi ƙarƙashin kujeru da rumfuna, ya kwashe takalman mata, ya watsa kwaɗi cikin jama'a. Yaran ƙasashe suka hau benci. Saniyar ta taka ɓaraguzai ta fito tana rawar jiki, ta tsaya a tsakiyar fili, ta kama cin ƙyallen da aka ɗaura don a yanke. Baffa ya fito bayanta, ya zauna a ƙasa kusa da ita.

Aka ci abinci duk da haka. Kafin ya shiga mota jami'in ya ce wa Yaya, cikin ladabi, irin wannan tafkin akan yi shi ne da gefe marar zurfi inda yaro zai tsaya da ƙafarsa, a hankali yake gangarawa. Yaya ya yi mashi godiya.

Bayan an watse muka zauna ni da shi a kan wani benci da bai jiƙe ba. Na miƙa mashi hularsa da ke aljihuna tun safe. Ya ce shi bai san da gefe marar zurfi ba. A can Abuja direbobi a wurin ajiye motoci suke jira, ta cikin shingen waya yake hango tafkin, shuɗi daga wannan gefe zuwa wancan, yara suna faɗawa suna fitowa. Iyayensu na shiga su zauna a kujeru a kawo masu lemo. Bai taɓa tsayawa a bakinsa ba. Ya faɗi wannan ba da ɗaci ba, kamar mai gyara lissafin hanya bayan ya yi ɓatan kai. Sannan ya tashi ya je ya duba gangaren da aka haƙa, ya taka shi da ƙafa ya sauka ya hau, ya ce ashe masu rijiyar nan sun yi mashi rabin aikin.

Da rani ya sa aka shafe gangaren da siminti. Damina ta gaba yara suka riƙa shiga iya gwiwa, sannan iya ƙugu, da igiya a gicciye wadda ba a ƙetarewa. An samo wani masunci da ke gudun hijira a garin ya riƙa tsayawa a kansu, malamin Faransanci ya koma Faransancinsa da gyaran wayarsa. Ɗana ya iya iyo a wannan daminar. Saniyar ta haihu lafiya, Baffa ya aiko wa makaranta da ƙwaryar nono, aka dama fura aka raba wa yara. Shekarar da ta biyo ya bi wasu danginsa zuwa wajen Katsina da shanun, ya bar jikokin a hannun gwaggonsu don kada karatunsu ya yanke.

Yanzu babban ɗan Yaya ne ke riƙe da makarantar. Shi kuwa kullum da safe yana kan kujera a bakin ƙofa, yara suna gaishe shi suna wucewa. Kwanan baya ya aiko a kira ni, ya ce tunda ni malamin gona ne, yana son filin ƙwallo mai koriyar ciyawa lif-lif, wadda ake aske wa da inji. Na yi mashi bayanin ƙasar wurin da zafin bazara, ya saurara har na gama, ya tambaye ni yaushe zan shiga Katsina.

Asabar da ta wuce na kawo mashi irin. Muka shuka a bayan azuzuwa, ni da shi da mai gadi, muka yayyafa ruwa. Awakin unguwar suna tsaye a bakin ƙofa suna kallonmu har muka gama.